Ruwan rijiyarmu, shekarunsa nawa?

Bayan daminar 2024, wadda ta zo da ambaliya a jihohi da dama na Nijar, an riƙa jin manoma suna cewa ƙasa ta ƙoshi, rijiyoyi sun samu na shekaru. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba kowace rijiya ta shafa ba. A ƙarƙashin gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela ruwa iri biyu ne. Akwai wanda damina ke sabuntawa. Akwai kuma wanda ya kwanta can ƙasa dubban shekaru kafin a kafa Birnin Ƙonni. A cikin guga kamanninsu ɗaya. To, yaya ake bambanta su?

Kamar yadda ake gane Bagobiri da zanen fuskarsa, haka ruwa yake da zanen da ke nuna asalinsa. Ruwa haɗuwa ce ta ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Wasunsu sun ɗan fi ƴan'uwansu nauyi. Masana na kiran irin waɗannan ƴan'uwa izotof. Idan rana ta bugi tabki, marasa nauyi ne ke fara tashi sama, masu nauyi su yawaita a cikin abin da ya rage. Saboda haka in an auna ruwan wata rijiya ta kwarin Majiya ko na Badagishiri, ana iya gane ko ruwan da ya daɗe a tabki ne ya tsiyaya cikinta, ko kuwa ruwan sama ne da ya nutse nan take.

Shekarun ruwa kuma, wani abin tsoro ne ya taimaka aka san su. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da manyan ƙasashe suka yi a sararin sama, waɗanda suka tsananta gab da 1963, sun watsa wani izotof mai suna tiritiyom a cikin ruwan sama na duk duniya. Kowace shekara 12 da ƴan watanni rabinsa yake ɓacewa. Rijiyar da aka tarar da shi a cikinta, ruwanta na zamaninmu ne. Inda babu shi, sai a koma ga karbon 14, wanda rabinsa ke ɓacewa a shekara 5,730, don a ƙirga dubbai.

Da irin wannan awo ake karanta ƙanƙarar Antartika, can kudancin duniya, inda dusar kowace shekara ke kwanciya bisa ta bara. Dusar da ta zuba a zamanin tsananin sanyi ba ta da masu nauyi da yawa. A watan Janairu na 2025 masana na Turai sun sanar cewa sun huda ƙanƙarar har zurfin mita 2,800, sun ciro wadda ta kai shekara miliyan 1 da dubu 200. Mai karatu zai ce ina ruwan Ba'adare da ƙanƙara? Ai ita ce ke nuna cewa yanayin duniya ya sha juyawa. Shekara kamar 8,000 da suka wuce Sahara na da ciyawa da tabkuna, ga hoton raƙumin dawa nan a sassaƙe bisa duwatsun Dabus, a Abzin. A irin waɗancan zamunna masu albarkar ruwa ne rumbunan can ƙasa suka cika.

Rumbun da muke bisa kansa ana kiran shi Iwillimidan. Ya ratsa Mali da Nijar da Nijeriya, wato mutanen Ƙonni da na Sakkwato tukunya ɗaya suke ɗiba. Daga 2012 zuwa 2017 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta haɗa kai da ƙasashe 13 na yankin Sahel, har da Nijar, aka auna manyan rumbuna biyar, ciki har da namu. Abin da aka gano ya yi daidai da binciken da aka yi a baya: ruwan da ke kusa da doron ƙasa yana samun ƙari daga damina, na can ƙasa kuwa mafi yawansa tsoho ne, sabuntawarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Dalilin da ya sa zancen ya taso yanzu shi ne famfo mai aiki da hasken rana. Lambunan gwamnati na Ƙonni, masu faɗin hekta fiye da 2,400, madatsun Mozage da Zango ne ke shayar da su, ruwan damina ke nan. Amma mai albasa a Galmi ko Tsernawa da ya samu hali, rijiyar burtsatse yake haƙawa ya ɗora mata faifan rana. A da tsadar mai ce ke sa mutum ya kashe inji. Rana kuwa ba a biyan ta, famfo na iya wuni yana zuba.

A ganina, ba laifi ba ne gari ya sha tsohon ruwa. Sau da yawa ma ya fi tsabta, domin sabon ruwa shi ne taki da ƙazantar masai ke saurin riska. Amma shayar da gari daban, malale kadada da shi rani bayan rani daban. Wanda ke cin rumbun da ba a zuba masa sabon hatsi, ya kamata a ce ya san haka.

Don haka duk ƙungiyar manoma ko kwamitin ruwa da za a haƙa wa rijiya, su tambayi ma'aikatan ruwa na gunduma zurfinta, da irin ruwan da ta taɓo, na damina ne ko tsoho. Su kuma ajiye littafi, a riƙa auna inda ruwa ya tsaya sau biyu a shekara, a watan Mayu kafin shuka da kuma watan Oktoba bayan ɗaukewar ruwa. A rijiyar hannu igiya mai ƙulli a kowace mita ta isa, rubutun kuwa ɗalibin ajin yaƙi da jahilci zai iya.