Kafin Ka Yanko Masa Sammaci

Duk wanda ya taɓa bin mai taurin bashi ya san inda maganar take ƙarewa. An yi "ka dawo gobe," an yi "ana bina ne ni ma," an daina ɗaga waya, sannan wata rana a gaban mutane a ce maka: "To ka je ka kai ni ƙara mana." Da can wannan magana rufe baki ce, domin kowa ya san ƙarar bashin dubu ɗari uku tana iya cin shekaru a kotu, ta cinye fiye da bashin. Yanzu an ce zamani ya canza, akwai kotun ƙananan basussuka. Legas ce ta fara buɗe ta a 2018, Kano ta bi baya a farkon 2019, sannan wasu jihohi suka ɗauka. Ba haka kawai waɗannan biranen biyu suka riga kowa ba: a lokacin su ne Bankin Duniya yake aunawa a rahotonsa na sauƙin kasuwanci, kuma majalisar PEBEC da aka kafa a 2016 ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, tana son Nijeriya ta matsa sama a jerin. Ta kuwa matsa, daga ta 169 a rahoton 2017 zuwa ta 131 a na 2020.

Tsarin a takarda yana da kyau, ban ƙi ba. Bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, yadda aka fara, kana iya shigar da shi da kanka ba sai da lauya ba. Ka fara aika wa mutumin takardar neman biya, ka ba shi kwana 14. In bai biya ba ka cike fom a rajista, a kai masa sammaci, ya kawo amsarsa cikin 'yan kwanaki, majistare ya gwada sulhu, in abin ya ƙi a saurari shaidu. Daga ranar shigar da ƙara zuwa ranar hukunci an ce kada a wuce kwana 60. Wanda ya san yadda fayil yake tsufa a kotunanmu ba zai raina wannan ba.

Abin da nake so mai bin bashi ya yi kafin ya tashi shi ne ya zauna da biro ya yi lissafi irin na kasuwa, domin kuɗin da ake rubutawa a rasit ɗin rajista shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da zai kashe.

A ɗauka ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya ba wani dilar atamfa ta naira dubu 400 a kan in ya sayar ya kawo. Wata takwas shiru. Tambayar farko da za a yi masa a kotu ita ce ina shaidarka. Yawancin cinikinmu a baki ake yin sa, da musabaha da "Allah ya sa albarka." In an rubuta, a wani littafin shago ne da hannun yaron shago, babu sa hannun wanda ya ɗauki kaya. Abin mamaki ne a al'ummar da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, amma mutum yana jin kunyar ce wa abokin cinikinsa ya sa hannu, kada a ce bai yarda da shi ba. Ranar shari'a wannan kunyar ce take zama asara. Saƙonnin WhatsApp da shaidar tura kuɗi ta banki suna taimakawa ƙwarai, sai dai su ma suna da ƙa'ida: sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da aka fitar da su. Mutumin da aka ce masa ba ya buƙatar lauya sai ya tarar ɗaya ɓangaren ya zo da lauya, lauyan kuma ya miƙe yana sukar takardunsa ɗaya bayan ɗaya da Turancin da bai gane ba. Dokar da ta ce kana iya zuwa kai kaɗai ba ta hana abokin shari'arka zuwa da nasa ba. Daga nan sai ɗan kasuwar ya nemi lauya shi ma, kuma ga layi na farko da bai sa a lissafi ba.

Shaidu kuma mutane ne masu neman abincinsu. Maƙwabcin shago da aka ɗauki kayan a gabansa ya san gaskiya, amma shi ma yana ciniki da wanda ake ƙara, ko ƙanwarsa tana auren ɗan gidansu. Zai ce maka: "Alhaji, wallahi na san kana da gaskiya, amma ka rufa mini asiri, kada ka sa ni a ciki." In ya yarda ya zo, kuɗin motarsa da abincinsa suna kanka, kuma ka ɗauki nauyin alherin da za ka daɗe kana biya.

Sai kai sammaci. Shari'a ba ta motsawa sai takarda ta isa hannun wanda ake ƙara, kuma mai gudun bashi ya ƙware a ɓacewa. Masinjan kotu ba shi da motar aiki, kai za ka ɗauke shi ko ka ba shi kuɗin mota, ka kuma nuna masa gidan, tunda lungunanmu da yawa babu suna babu lamba, sai kwatance da masallaci da mai shayi. Ku yi sallama a ƙofar gida, yaro ya leƙo ya koma, ya dawo ya ce an ce ba ya nan, ya yi tafiya Legas. Babur ɗinsa kuwa ga shi a jingine a zaure. A koma kotu a nemi izinin liƙa takardar a bango ko aika ta wata hanya. Kowace komawa yini ce.

Yinin nan shi ne kuɗin da aka fi mantawa da shi. Ma'aikacin gwamnati yana iya neman izini ya je kotu, albashinsa bai ragu ba. Mai shago, tela, mai adaidaita sahu, mai sayar da abinci, duk ranar da ya zauna a bencin kotu daga ƙarfe tara zuwa azahar yana jiran a kira lambar ƙararsa, ranar ta tafi da cinikinta. Wani lokaci bayan duk jiran sai magatakarda ya fito ya ce yau kotu ba za ta zauna ba, an ɗage. Kwana 60 ɗin ƙa'ida ce da aka gindaya wa kotu, amma ba ta hana majistare rashin lafiya ko canjin wurin aiki, ba ta hana hutu, ba ta hana yajin aiki. A 2021 ma'aikatan shari'a na ƙungiyar JUSUN sun rufe kotunan ƙasar nan tun daga farkon Afrilu har cikin Yuni, wata biyu cur. A kan bashin miliyan uku, asarar yini biyar ko shida abu ne da za a jure. A kan bashin dubu 60, tun kafin a kai ga hukunci an ci rabinsa.

Akwai kuma wani abu da yake cin kuɗin a hankali ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Kotu za ta ba ka adadin da ka bayar, naira da naira, amma nairar da ka bayar ba ita za a dawo maka da ita ba. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta kai wajen 1,500. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a Disambar 2024 bisa ƙididdigar hukumar NBS. Wanda ya ba da dilar atamfa kafin wannan guguwa, aka biya shi bayanta, kuɗin da ya karɓa ba zai sayo masa dilar ba. Kotu tana iya ɗora ruwa a kan kuɗin hukunci har zuwa ranar biya, sai dai yawanci ruwan bai kai hauhawar ba, kuma Musulmin da yake gudun riba ba zai ma nema ba. Wannan asarar ba kotu ce ta jawo ta ba, zama a gida ma ba ya hana ta. Amma dole ta shiga lissafi, domin mai taurin bashi ya san kowane wata da ya ja, bashin yana yi masa sauƙi.

To a ce komai ya tafi daidai, majistare ya ce kai ke da gaskiya. A nan ne nake ganin an fi yaudarar kai. Hukunci takarda ce mai hatimi da ke cewa wane ya biya wane. Kotu ba ta da asusun da za ta ciro ta ba ka. Wanda ya ƙi biya da lalama yana iya ƙin biya bayan hukunci, ko ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, ko ya roƙi a yanka masa biya kaɗan-kaɗan, dubu 20 duk wata, ya biya sau biyu ya tsaya. Zartar da hukunci wani sabon aiki ne mai nasa kuɗin, ƙarƙashin tsohuwar dokar nan ta Sheriffs and Civil Process Act.

Hanya ɗaya ita ce a kwashe kayansa a yi gwanjo. Kai za ka nemi takardar izini, kai za ka yi hayar motar ɗaukar kaya da masu dako, kai za ka ji da 'yan sandan rakiya. Ku isa gidan, kuma a gidan Bahaushe sai a tarar kusan duk abin da ke da daraja na matar gida ne: gado, kujeru, firij, talabijin, kayan ɗaki ne da iyayenta suka yi mata, kuma gaskiyarta ce, doka ba ta yarda a sayar da kayanta a kan bashin miji ba. In an ɗauka, za ta shigar da nata ƙorafin, a buɗe wata ƙaramar shari'a a cikin shari'a. Motar da yake hawa takardunta da sunan ƙaninsa. Shagon haya ne, kayan ciki kuma wani ya ce nasa ne ya ba shi ya sayar. Gida ko fili ba a taɓa su sai an nuna kayan ɗauka ba su isa ba, kuma sai da izinin Babbar Kotu. Abin da aka samu aka ɗauka, a wurin gwanjo ba ya yin kuɗin kasuwa.

Hanya ta biyu ita ce a kama kuɗinsa a banki. Wannan ta fi tsafta, amma sai ka san bankin da yake ajiya, a kai wa bankin umarnin wucin gadi, a jira aƙalla kwana 14 kafin a saurari batun, lauyan banki ya zo ya faɗi abin da ke cikin asusun. Mutumin da ka aika wa takardar neman biya tun wata uku da suka wuce ba zai bar kuɗi a asusun da ka sani ba. In kuwa wanda kake bi hukumar gwamnati ce, sashe na 84 na dokar nan ta Sheriffs and Civil Process Act yana neman amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, wato ka nemi izinin gwamnati don ka karɓi kuɗi a wurin gwamnati.

Saboda wannan wahalar ce mutane suke zarcewa ofishin 'yan sanda, su ce a tsare shi har sai 'yan'uwansa sun haɗo. Wannan hanya haramtacciya ce: sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma kotuna sun sha cin tarar masu bin bashin da suka yi haka tare da 'yan sandan. Mai gaskiya sai ya koma shi ake bi.

Abu na ƙarshe ba ya shiga rasit, amma ni a wurina ya fi sauran nauyi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda kake bi ba baƙo ba ne: ɗan unguwa ne, suruki ne, wanda kuke sahu ɗaya a masallaci ne. Ranar da masinjan kotu ya liƙa takarda a ƙofar gidansa, labarin zai zama wane ya kai wane kotu, ba za a tsaya tambayar wata nawa ka yi kana haƙuri ba. Wannan ba adalci ba ne, kuma yana ba ni haushi yadda muke tausaya wa mai cin dukiyar mutane fiye da wanda aka ci tasa, har mai haƙƙi ya riƙa jin kamar shi ya yi laifi. Amma haka abin yake, kuma ɗan kasuwar da jarinsa rabi kuɗi ne rabi mutunci dole ya auna.

Ban ce kada a je ba. Akwai wanda kotun nan ta dace da shi sosai: kamfani ko ɗan kwangila mai ofishi da asusu da sunansa, ma'aikaci mai albashi, mai shago da ake ganin kayansa, wanda yana da shi ya ƙi biya don ya raina ka, kuma kana riƙe da takarda da sa hannunsa. Irin wannan sau da yawa takardar neman biya mai hatimin kotu kaɗai tana isa ya kira ka a daidaita. Wanda kuwa karyewa ya yi, babu majistaren da zai fitar da kuɗi daga aljihun da babu komai, kuma addini ma jinkiri ya ce a yi wa wanda ke cikin ƙunci. Tsakanin waɗannan biyun akwai shugabannin kasuwa, waɗanda suke iya hana mutum ɗaukar kaya a layi gaba ɗaya har sai ya biya, akwai mai unguwa, akwai Hisba, akwai cibiyar sulhu ta Multi-Door da ke Kano. A can, a kan bashin dubu 400, ana iya ce maka ka yafe dubu 50 ka karɓi dubu 350 a mako biyu, kuma in ka zauna ka cire kuɗin mota da na masinja da na lauya da ranakun da shago zai zauna a rufe, mai yiwuwa ka ga abin da kotu za ta bar maka bai kai haka ba. In an yi sulhun, a rubuta shi, a sa ranar biya, shi da shaidu biyu su sa hannu, domin in ya sake saɓawa wannan takardar ce za ka ɗauka zuwa rajista.