Saƙonnin banza a waya: Lambar 2442 kaɗai ba ta wadatar ba

Tun a watan Yulin 2016 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta wajabta wa kamfanonin waya su ba masu layi damar toshe saƙonnin talla ta hanyar aika STOP zuwa 2442. Duk da haka, manomi ko mai POS a Zango da ke masarautar Daura yakan wayi gari da saƙon da bai nema ba, wani lokaci ma na ɗan damfara mai neman lambar BVN.

Tushen matsalar yana cikin kwamfutocin da ke tace saƙonni. Kafin saƙo ya wuce, sai manhaja ta duba rumbun bayanai: mai layin ya hana talla? An taɓa kai ƙarar mai aikawar? Manhajojin tace imel irin su SpamAssassin har ƙidayar kalmomin da ke yawan fitowa a saƙon banza suke ajiyewa, suna sabunta ta a kai a kai.

Kowane gyara a rumbun yana da ƙa'ida: ko ya kammala duka, ko a soke shi duka. Kiyaye ƙa'idar na cin lokaci, domin ana cikin gyara wani bayani, sauran masu son gyara shi dole su jira. Idan saƙonni suka yi cunkoso, manhaja mai rauni ko dai ta saki saƙo ba tare da dubawa ba, ko ta riƙe shi. A ta farko ɗan damfara ya samu ƙofa. A ta biyu lambar sirri ta banki, wadda ke mutuwa cikin 'yan mintoci, ta iso bayan ciniki ya watse.

Injiniyoyi sun san maganin: a haɗa rubuce-rubuce a shigar da su lokaci guda, a ajiye jerin da ake yawan dubawa a kusa, a ware wa saƙonnin banki hanyarsu. Abin da ya rage shi ne kashe kuɗi.

Ya kamata NCC ta tilasta wa kamfanoni bayyana yawan saƙonnin da suka toshe da tsawon jinkirin da tacewar ke jawowa, su kuma koya wa manhajojinsu gane damfarar da aka rubuta da Hausa. Kafin nan, mai layi ya kai ƙorafi ta 622, kada kuma ya ba kowa BVN ko lambar katinsa ta waya.