FILIN NOMA DA KIWO: Ɓeran Masar da Tsakuwar Mafitsara

 A wannan wata wasiƙa ce ta zo mana daga wani mai karatu a Garwa, yana cewa ɓerayen Masar da yaransa ke kiwo, wato abin da ake kira cobaye da Faransanci, sun fara yin fitsari fari mai kauri kamar an dama alli, har ɗaya daga cikinsu in zai yi fitsari sai ya ƙanƙame jiki yana kuka. Ya ce ga shi kuwa ba ya rage su da komai, harawar gyada da dusa da abincin kaji duk yana zuba musu.

To malam, ai a cikin wannan karamci naka cutar take.

Ɓeran Masar dai ba daga Masar ya fito ba, asalinsa daga duwatsun Andes ne na ƙasashen Peru da Bolibiya, kuma ciyawa ce abincinsa. Allah Ya halicce shi ta yadda in ya ci sinadarin kalsiyam da yawa, wato sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori, hanjinsa yakan tsotse mai yawa, sannan rarar ta fita ta fitsari. Saboda haka ɗan fari-fari a fitsarinsa ba abin tsoro ba ne. Amma in ka murza busasshen fitsarin da yatsa ka ji garas-garas kamar yashi, to abin ya yi yawa, kuma wannan yashi shi ne ke dunƙulewa ya zama tsakuwa a mafitsara. Namiji ya fi shan wuya, domin hanyar fitsarinsa doguwa ce siririya, tsakuwa na iya toshe ta.

Abincin kaji masu ƙwai shi ne babban laifi. Da gangan ake cika shi da kalsiyam, kusan kashi 4 cikin 100, domin kaza ta samu abin yin ɓawon ƙwai, alhali ɓeran Masar bai buƙatar ko kashi 1 cikin 100. A janye shi yau ɗin nan. Harawar gyada da ta wake kuwa, da muke taƙama da su wajen kiwon rago, su ma sun fi ciyawa kalsiyam nesa ba kusa ba. Haka ganyen zogale da alayyafo. Ba cewa na yi a haramta su ba. Ƙanana masu tasowa da mace mai ciki ko mai shayarwa suna buƙatarsu, kuma wanda ya hana kalsiyam gaba ɗaya zai lalata ƙashi da haƙoran dabbarsa. Babba wanda ya gama girma shi ne za a riƙa ba wa ɗan kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako. Kanwa da gishirin lasa kuma a bar wa shanu.

Abin da ya kamata ya kasance a gabansa dare da rana shi ne ciyawa, ɗanya ko busasshiya mai tsabta, irin su kyasuwa da harkiya, ko ciyawar giwa da masu kiwonsa don nama a yammacin Kamaru ke yanko masa. Haƙoransa ba sa daina tsiro, taunar ciyawa ce ke goge su. A haɗa da yankan tattasai marar yaji kullum, domin kamar ɗan Adam yake, jikinsa ba ya ƙera bitamin C. Ruwa kuma kada ya yanke, shi ke wanke mafitsara. In ruwan rijiyarku yana barin farin ɓamɓaroki a gindin butar shayi, to shi ma yana ɗauke da kalsiyam, gara a samo wani.

Batun ƙiba kuwa, dusa da masara da ragowar burodi su ke kawo ta. Mai ƙiba ba ya motsi, fitsari yakan daɗe a mararsa, yashin ya kwanta. Mace mai ƙiba kuma takan faɗi ta mutu dab da haihuwa. Babban namiji yakan kai giram 900 zuwa 1,200, mace 700 zuwa 900. Ido ba ya gane wannan saboda gashi, don haka a samu ƙaramin sikeli, a auna shi sau ɗaya a mako, a rubuta a littafi. Wannan aiki ne da yara za su ji daɗin yi. In ya zubar da giram 50 a mako guda a sa ido, in ya kai 100 a nemi likita. Kada a ce za a rage masa ƙiba da yunwa, domin cikinsa ba ya jure zama wayam ko na yini ɗaya. Dusa za a rage, a faɗaɗa masa wurin yawo.

Shi kuwa wancan mai kuka, musamman in an ga jini a fitsarin, a garzaya da shi wurin likitan dabbobi. Sauya abinci ba ya narkar da tsakuwar da ta riga ta samu, galibi sai an yi aiki. Kuma don Allah kada a ɓare masa kafso na fenisilin ko amoksisilin da aka saya a kasuwa, waɗannan magunguna kashe ɓeran Masar suke yi.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake adana ciyawar damina don rani.