Filin Iyaye: Kunne Ya Riga Alli

Wannan watan za mu taɓa wata ɗabi'a da ta yaɗu a unguwanninmu na zango, daga Nima da Mamobi har Aboabo ta Kumasi. Yaro bai cika shekara uku ba an saya masa littafi da fensir, an zaunar da shi yana zana A, B, C har ya yi kuka. Wasu gidajen ma sun hana Hausa ɗungum, wai don Turanci ya zauna a bakinsa. Niyyar mai kyau ce, amma an tsallake mataki na farko.

Kafin yaro ya gane baƙi a takarda, sai kunnensa ya gane cewa magana gunduwa-gunduwa take. Wato ya ji cewa "shinkafa" gaɓa uku ce, shin-ka-fa, kuma "masa" da "tasa" ƙarshensu ɗaya, farkonsu ne ya bambanta. Wanda bai ji wannan ba, ko ya haddace baƙaƙe 26 na Turanci, haɗa su zai gagare shi. A 1983 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford a Ingila, Lynette Bradley da Peter Bryant, sun buga sakamakon bin yara wajen 400 masu shekara huɗu da biyar. Waɗanda suka fi iya tsamo kalmar da sautinta ya fita dabam, su ne suka fi iya karatu bayan shekaru. A 1988 kuma aka nuna a Danmak cewa wasannin sauti na 'yan mintoci kullum, wata takwas, ba tare da koyar da baƙi ko ɗaya ba, sun taimaki yara da suka shiga firamare.

To, mu wannan ba baƙon abu ba ne. Malamin allo ba ya kai yaro ga haɗa kalma sai ya bi da shi ta babbaƙu da farfaru, ba, bi, bu, da murya a sama. Kakanninmu kuwa sun bar mana gaɗa da tafi, da kacici-kacici, da gagara-gwari, da zaurance. Yarinyar da ta iya juya "gida" ya koma "dagi" don ta yi gulmar yayarta, ta riga ta iya yanka kalma ta sake ɗinke ta. Abin da karatu ke nema ke nan.

Ba sai an ware lokaci ba. Da safe wajen karin kumallo, a tafa hannu: ko-ko, tafi biyu, ƙo-sai, biyu, a-ya-ba, uku. A sa shi ya tafa sunansa da na ƙannensa. A cikin trotro a ce, "Kifi, kaza, koko, masa, wanne ne baƙo a cikinsu?" In ya kuskure a yi dariya a wuce, ba a dakawa yaro tsawa a wasa. In ya kai shekara biyar sai a ƙara wuya: "Tabarma, in an cire ta, me ya rage?"

Akwai wani wuri da ya shafe mu musamman. Hausarmu ta Gana ta daɗe tana zaune da Tuwi da Ga da Dagbani, kuma a bakin yawancin yaranmu ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Ba mu ce laifi ba ne, kowane gari da irin harshensa. Amma yaron da bai taɓa jin bambancin "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa" ba, ranar da ya ɗauki littafin Hausa zai ga ƙugiyar nan ya rasa amfaninta. In akwai tsohuwa a gida wadda bakinta bai sake su ba, a ba ta wannan aikin: ta faɗi "baƙi" ya nuna gawayi, ta faɗi "baki" ya taɓa leɓensa. Haka "gari" na zama da "gari" na tuwo, da "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. A rubuce ɗaya suke, kunne ne kaɗai ke raba su.

Kada mu jira makaranta. Tun gyaran ilimi na 2007 shekara biyu na KG suka shiga karatun tushe, amma cikin harsuna 11 da aka zaɓa wa shirin NALAP a 2009 babu Hausa. Ɗanmu zai tarar da malama tana Tuwi ko Ga ko Turanci. Kunnen da ya koyi yanka "shinkafa" a gida shi zai kai ajin, kuma da shi zai yanka kalmar Turanci.

Masu gagara-gwari ko wasan tafi na unguwarsu su aiko mana ta ofishin wannan mujalla, za mu buga wasu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.