Masu cewa Faransanci ya mutu, ku leƙa Gamboru

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya wuce abinsa.

Tunda jarabawa ta matso, magana iri biyu nake ta ji daga ƙannenmu masu ɗaukar kos ɗin Faransanci. Wasu na cewa ina amfaninsa, ai Nijar ma ta yi watsi da shi, a samu makin tsira kawai a wuce. Wasu kuma sun rungumi handawut suna haddar jadawalin aikatau dare da rana, musamman abin nan da ake kira futur antérieur da aka mayar dodo. Ni da ku duka nake faɗa yau.

Bari in fara da masu cewa ya mutu. Gaskiya ne sojojin Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, sun bar Chadi a farkon 2025. Gaskiya ne kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya yi min daɗi kamar kowa. Amma wannan dokar dai ita ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Soja ne ya tafi, malam, takardu suna nan yadda suke. A Chadi harsunan hukuma Faransanci ne da Larabci. A arewacin Kamaru, daga Kusseri har Marwa, ofis da Faransanci yake aiki.

Mu kuma a ina muke zaune? Borno ce kaɗai jihar Najeriya da ta yi iyaka da ƙasashe uku, kuma duka ukun da Faransanci suke rubuta takardunsu. Ka tsallaka gadar Gamboru kana Fotokol. Ka wuce Banki kana Amchide. Daga Damasak sai Diffa. Hukumar Raya Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, hedikwatarta tana N'Djamena, haka ma ta rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram. Dubban 'yan uwanmu sun yi shekaru a sansanin Minawao na Kamaru, 'ya'yansu a can suka shiga makaranta. In an buɗe gurbin tafinta ko jami'in tsallaken iyaka a irin waɗannan wurare, sai mu ce an yi mana wariya an ɗauko wani daga nesa. To wa za a ɗauka? Kai da ka ce makin tsira kake nema?

Na san abin da za a ce min: ai a bakin iyaka Kanuri da Larabcin Shuwa da Hausa da Fulatanci sun ishe ka. Sun ishe ka ciniki, ban musa ba. Ranar da ɗan kwastan ya miƙo maka takarda ka sa hannu, ko likita a Marwa ya rubuta wa mahaifiyarka yadda za ta sha magani, ranar za ka san bambancin ciniki da takarda.

Yanzu masu hadda, ku matso, don ku kuka fi ba ni haushi. Ku kuna da niyya, hanya ce kuka ɓata.

Mene ne futur antérieur? Aiki ne da bai faru ba tukuna, amma kana hango shi a matsayin wanda ya riga ya ƙare kafin wani lokaci mai zuwa. Shi ke nan fa. Kuma wallahi kullum kuna faɗinsa da Hausa. Abokinka ya kira ka yana Post Office kana hostal kana wanki, ka ce masa: "Taho, kafin ka iso na gama." Dubi "na gama" ɗin nan. Siffar abin da ya wuce ce, amma ba ka gama ba, hannunka ma yana cikin kumfa. Bafaranshe zai ce: quand tu arriveras, j'aurai fini. Abu ɗaya ne.

Ginin ma guda biyu ne kacal. Ka ɗauki avoir ko être ka sa shi a lokaci mai zuwa, ka liƙa masa siffar aikin da ya ƙare, wato participe passé, wanda ka riga ka sani tun daga passé composé. Avoir ya ba ka aurai, auras, aura, aurons, aurez, auront. Être ya ba ka serai, seras, sera, serons, serez, seront. Kalmomi goma sha biyu. Duk aikatau ɗin da ke ɗaukar être a passé composé, irin su aller, venir, partir, arriver, a nan ma être zai ɗauka. Wanda ya iya cewa j'ai fini ya iya cewa j'aurai fini. Me ya kai ka haddar shafi ashirin?

Matsalar ita ce muna bi ta Ingilishi kafin mu isa Faransanci. Ka ɗauki tunaninka na Hausa ko na Kanuri, ka juya shi Turanci, sannan ka sake juya shi. A hanya kaya ke zubewa. Ga misali: Ingilishi bai damu da jinsin abubuwa ba, shi ya sa ɗalibi yake mamakin ƙarin e a cikin la voiture sera déjà partie. Bahaushe kuwa me zai ba shi mamaki? Mu ma cewa muke "kafin mu kai tasha mota ta riga ta tashi." Ba wanda zai ce "mota ya tashi" a gaban Bakano bai sha dariya ba. (Mu 'yan Maiduguri mun san wannan dariyar, a bar maganar.) Ba kullum jinsin kalma a Hausa yake dacewa da na Faransanci ba, amma tunanin cewa aiki yana bin jinsin mai shi, da shi muka tashi.

Inda Hausa kan iya yaudarar ka wuri ɗaya ne, kuma nan ne malamai suke kama mutane: kalmar "idan". Muna amfani da ita a wuri biyu. "Idan ka gama ka kira ni" tana iya nufin na tabbata za ka gama, lokaci kawai nake jira. Wannan shi ne quand tu auras fini, appelle-moi. Tana iya kuma nufin ban sani ba ko ka gama. Wannan shi ne si tu as fini, kuma bayan si ta sharaɗi ba a sa lokaci mai zuwa, ko kusa. Maganin abin yana cikin Hausar ma. Canja "idan" da "da zarar". In jimlar ta zauna daidai, to quand ne ko dès que, ka sa futur antérieur. In kuwa "in har" ce ta fi zama, to si ne. Gwada ka gani.

Akwai kuma wani amfanin da handawut ba ya cika kawowa. Mutum bai zo ba, sai ka ji an ce il aura oublié. Ba maganar gaba ake ba, hasashe ne: mantawa ya yi ke nan.

Kada wani ya ɗauka duk wannan don maki ne. Ɗauki jimla irin ta yarjejeniyar kasuwanci: le solde sera payé quand le fournisseur aura livré la marchandise. Za a biya cikon kuɗi bayan mai kaya ya gama sauke kaya. Wannan aura livré ɗin shi ne ya faɗi wanda zai fara cika nasa alƙawarin. Ɗan kasuwar Monday Market da ya loda mota zuwa Kusseri yana zaton za a cika masa kuɗi kafin ta tashi, a kan kalmomi biyun nan zai kwana a bakin iyaka yana jira. Kai da ya kira ka duba masa takarda don ya ji kana jami'a, me za ka ce masa? Ka haddace jadawalin amma ba ka san me yake cewa ba?

Ga wanda ya fi wannan. J'aurai payé na nufin kafin lokacin na biya, alƙawari ne. J'aurais payé, da ƙarin s ɗaya, na nufin da na biya, wato ban biya ba kuma zance ya wuce. A baki mutane da yawa kusan iri ɗaya suke furta su. A takarda kuwa ɗaya bashi ne da za ka iya bi, ɗayan da-na-sani ce, wadda aka ce ƙeya ce.

Tun 1996 Janar Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya. Kusan shekara talatin ke nan, maganar tana kan takarda. Ƙauyen koyon Faransanci na ƙasa yana Badagry, sama da kilomita 1,500 daga nan, alhali Fotokol ba ta kai 150 ba. Na san halin tsaro, ban ce kowa ya kama hanyar Dikwa gobe ba. Amma ai Faransancin ne ya biyo mu har gida. Akwai 'yan Chadi da Nijar da Kamaru a ajujuwanmu da kasuwanninmu, wasu ma ɗaki ɗaya kuke kwana. Sau nawa ka tsayar da ɗayansu ka ce ya gyara maka jimla? Muna kiran su da sunan ƙasarsu muna dariyar Turancinsu, su kuwa suna fita da harshe huɗu ko biyar.

Ga aiki ga mai so. Ku juya min waɗannan, kada ku bi ta Ingilishi: "Da zarar an ɗauke wuta zan kwanta." "Kafin Sallah yayata ta dawo daga Diffa." "In har ka biya, kawo rasit." Biyu suna son futur antérieur, ɗaya tarko ce. Ku ajiye amsa a ƙasa, zan bi su da daddare in caji ya bari. Masu son mu zauna kuma, Asabar bayan La'asar, gindin dogon yaron da muka saba. Kowa ya zo da biro, handawut ɗin a bar shi a ɗaki.