IN RUWA YA JANYE, WA ZAI ƊAUKI HASARA?

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Duk wanda ya karɓi kuɗin mutum bisa sharaɗin zai yi masa wani aiki, to, ya ɗauki kaya, ba shi kuwa da hutu sai ya sauke. Maganar da na ke so mu duba a wannan shafi ta shafi wata sana'a ce ta ƙasashen Turai, watau ɗaukar mutane yawon shaƙatawa cikin jiragen ruwa a bisa manyan koguna. A 'yan shekarun nan sau da yawa a kan soke irin wannan tafiya, ko a jinkirta ta, ko a canja mata kama bayan mutane sun riga sun biya. Tambayata ita ce, in haka ta faru, wa ya kamata ya ɗauki hasara?

Bari in fara bayyana yadda sana'ar ta ke. Koguna biyu ne suka fi suna a cikinta. Na farko shi ne Rhine, mai tsawon kilomita wajen 1,230, wanda ya taso daga duwatsun Siwizalan, ya bi ta iyakar Faransa da Jamus, ya ratsa Jamus ɗin, sa'an nan ya faɗa teku a ƙasar Holan. Na biyu shi ne Danube, mai tsawon kilomita wajen 2,850, wanda ya taɓa ƙasashe 10 kafin ya kai Bahar Aswad. A shekarar 1992 aka gama haƙa wata hanyar ruwa mai tsawon kilomita 171 a kudancin Jamus, wadda ta haɗa Danube da kogin Main, shi kuwa Main cikin Rhine ya ke zuba. Tun daga lokacin jirgi na iya tashi daga Amstadam ta Holan ya tafi har Budapest ta Hangari, tafiyar kamar mako biyu, ba tare da fasinja ya sake abin hawa ba.

Manyan jiragen da ke wannan aiki tsawonsu ya kan kai mita 135, faɗinsu mita 11 da 'yan kai, wasu kuwa su kan ɗauki fasinja har 190. Kowane jirgi tamkar otal ne mai tafiya. Mutum ya kwance kayansa sau ɗaya a ɗakinsa, ya ci ya sha a ciki, ya kwanta a wannan gari ya farka a wancan. Wannan sauƙi shi ne ainihin abin da a ke sayarwa. Shi ya sa yawancin fasinjojin dattawa ne waɗanda suka bar aiki, waɗanda ƙafa ta fara yi musu nauyi. Wasunsu daga Amurka ko Ostireliya su ke tasowa, su kan kuma biya kuɗi masu yawa tun saura watanni, wani lokaci ma shekara guda, kafin ranar tashi.

To, amma kogi ba ya karanta tikiti. Abu na farko da ke ɓata tafiya shi ne ƙarancin ruwa. A bakin Rhine akwai wani ɗan gari wai shi Kaub, inda aka kafa ma'aunin ruwa da matuƙa ke dubawa kullum, domin wajen nan yana cikin wuraren da ba su da zurfi. A watan Oktoba na 2018, bayan doguwar bazara ba ruwan sama, ma'aunin ya sauka zuwa santimita 25, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a wurin. Ainihin zurfin hanyar jirgi ya ɗara abin da ma'aunin ke nunawa da mita ɗaya da kaɗan, watau ke nan a ranar ruwan bai cika mita ɗaya da rabi ba, alhali jirgin fasinja na bukatar kamar haka ko fiye don kada cikinsa ya goga ƙasa. A watan Agusta na 2022 ma'aunin ya sake faɗowa wajen santimita 30. Abin takaicin shi ne, Kaub tana tsakiyar yankin da ya fi ko'ina kyan gani, tsakanin Bingen da Koblenz, inda tsofaffin gidajen sarauta wajen 40 ke jere bisa tuddai. Hukumar UNESCO ta sa wannan kwari cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Ashe wurin da mutane suka fi biyan kuɗi don su gani daga jirgi, shi ne wanda ya kan fara toshewa.

Danube ma haka. Tsakanin Straubing da Vilshofen a Jamus akwai wajen kilomita 70 inda ba a datse kogin ba, can ma jirage su kan kasa wucewa in fari ya yi tsanani. A 2022 ruwan ya janye a ƙasar Sabiya har gawarwakin jiragen yaƙin Jamus da aka nutsar tun 1944 suka fito fili kusa da garin Prahovo.

Abu na biyu shi ne yawan ruwa. In kogi ya cika, jirgi ba ya iya shigewa ƙarƙashin gada, ko da ya ke an ƙera ɗakin matuƙi yadda za a iya sauko da shi ƙasa. A watan Yuni na 2013 ambaliya ta kai mita 12.89 a birnin Passau, inda koguna uku suka gamu, abin da aka yi shekara 500 ba a ga kamarsa ba. A watan Satumba na 2024 ma, saboda ruwan sama mai yawa, hukumomin Ostiriya suka hana jirage tafiya a Danube na wasu kwanaki. Abu na uku kuwa shi ne lalacewar ƙofofin ruwa. Ƙofar ruwa wani babban kwami ne na siminti mai marufi gaba da baya. Jirgi ya shiga a rufe, a ƙara ruwa ko a rage, har ya yi daidai da sashen kogin da zai shiga. In guda ta lalace, hanya ta yanke. A watan Disamba na 2024 wani jirgin kaya ya bangaje ƙofar da ke Müden a kogin Mosel, jirage wajen 70 suka maƙale, sai da aka yi kusan wata biyu kafin hanya ta koma yadda ta ke.

Me kamfanoni ke yi in haka ta auku? Wani lokaci su kan soke tafiyar ɗungum. Amma sau da yawa dabara su ke yi. In kamfani na da jirage biyu iri ɗaya, ɗaya gaban wurin da ya toshe, ɗaya bayansa, sai a ce fasinjoji su ɗaure kayansu, a kwashe su cikin motocin bas a kai su wancan jirgi, na can kuma a kawo su wannan. In babu jirgi na biyu, sai a ɗaure jirgin a gaɓa ya zama wurin kwana kurum, kullum safiya a zuba mutane a bas a yi sa'o'i bisa hanya don a kai su garuruwan da ke cikin tsarin tafiya, ko kuwa a raba su otal otal. A ƙarshe wani kamfani ya ce ai kun ga duk garuruwan da muka ambata, saboda haka mun cika alkawari.

A nan ne na ke da ja. Dattijon da ya tara kuɗin fanshonsa shekara da shekaru ba ganin garuruwa kaɗai ya saya ba, domin da su kaɗai ya ke so, da ya hau bas tun farko a kan kuɗin da bai kai wannan ba. Ya biya ne don ya zauna bisa ruwa, ya huta da ɗaurin kaya da hawa da sauka. In an hana shi wannan, an ba shi wani abu dabam ke nan da wanda ya saya. Wanda ya biya kuɗin doki aka kawo masa jaki, ko da jakin ya kai shi gida, yana da canji a hannun mai sayarwa.

Kada wani ya ce na ɗora wa kamfanoni laifin fari da ambaliya. Ba wanda ke da iko da ruwan sama sai Allah. Kyaftin ɗin da ya ƙi tura jirginsa cikin ruwan da bai isa ba ya yi daidai, gama rai ya fi hutu. Haka nan kamfanonin na da tasu hujja. Za su ce jirgi ko yana tsaye sai an biya ma'aikata, an sayi abinci, ga kuɗin hayar bas da na otal da ba a shirya musu ba. Za su ce in an tilasta musu mayar da kuɗin kowa duk lokacin da ruwa ya janye, to, sai su rufe, masu dafa abinci da masu gyaran ɗaki, waɗanda da yawansu suka baro ƙasashensu don neman abinci, su rasa aiki. Wannan magana tana da nauyi, ban kuwa raina ta ba.

Amma ku dubi wanda ya san abin da ke tafe da wanda bai sani ba. Kamfani ya san cewa daga ƙarshen bazarar Turai zuwa kaka, watau wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwa ya kan yi ƙasa, ya kuma san cewa narkewar dusar ƙanƙara da ruwan sama su kan cika kogi a farkon shekara zuwa tsakiyarta. Hukumar hanyoyin ruwa ta Jamus tana bayyana awon koguna kowace rana, har da hasashen kwanaki masu zuwa. Ya kuma san cewa tulin ƙanƙarar da ke bisa duwatsun Siwizalan, wadda ke ciyar da Rhine lokacin zafi, tana ƙarewa. Masana na ƙasar sun auna cewa a 2022 da 2023 kaɗai kashi 10 cikin 100 nata ya narke. Shi kuwa fasinja da ke zaune wata duniya, abin da ya gani kawai hoton jirgi ne fes bisa kogi cike da ruwa. In ɗaya ya sani ya yi shiru, ɗaya bai sani ba ya biya, wannan ciniki ya zama cinikin biri a sama. Abin da ya faru a 2018 ya kuma maimaitu a 2022 ya wuce a kira shi tsautsayi. Ya zama sanannen hali na sana'ar, mai sana'a kuwa shi ya kamata ya sa shi cikin lissafinsa, kamar yadda manomi ke ajiye hatsi don shekarar da damina ta gaza.

Doka ma ta fahimci haka. A 2015 Tarayyar Turai ta kafa doka kan tafiye-tafiyen da a ke sayarwa a dunƙule, watau abin hawa da wurin kwana a kuɗi ɗaya, ta kuma fara aiki a watan Yuli na 2018. Bisa ga dokar, in kamfani ya canja wani muhimmin sashe na tafiya kafin a tashi, fasinja na da zaɓi, ko ya yarda da canjin, ko ya fasa a mayar masa da kuɗinsa duka cikin kwana 14. In kuwa an riga an tashi sa'an nan abin ya ɓaci, dole kamfani ya nemi wata hanya ba tare da ƙarin kuɗi ba, in hanyar ba ta kai ta farko daraja ba a rage masa farashi. Abin da dokar ta yafe wa kamfani shi ne biyan diyya a kan haka, muddin sanadin ya fi ƙarfinsa. A ganina wannan rabo ne na adalci. Sai dai doka a takarda dabam, samun haƙƙi dabam. A 2020, sa'ad da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, kamfanonin yawon buɗe ido da yawa sun riƙa ba mutane takardar alkawarin wata tafiya nan gaba maimakon kuɗi, har sai da Hukumar Tarayyar Turai ta tunatar a watan Mayu cewa karɓar irin wannan takarda sai da yardar mai kuɗi. Ku tuna fa, mai shekara 80 da aka ce wa ya dawo baɗi, wa ya ba shi tabbacin lafiyar baɗi?

Saboda haka ga abin da na ke gani ya kamata kowane kamfani ya yi. Na ɗaya, ya rubuta haɗarin ƙarancin ruwa da ambaliya da manyan baƙaƙe kusa da farashi, ya faɗi watannin da abin ya fi faruwa, kada ya ɓoye shi can ƙarshen takarda cikin rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Na biyu, in ya hango matsala ya sanar da fasinja tun yana gidansa, kada ya bari sai ya ƙetare teku ya sauka, sa'ad da ba shi da sauran zaɓi. Na uku, ya faɗi tun farko nawa zai mayar a kan kowace ranar da aka yi a bas maimakon jirgi. Na huɗu, abin da za a mayar ya zama kuɗi ne a hannu, sai fa in mai shi ya zaɓi wata tafiya da kansa. Kamfanin da ya yi haka zai rasa 'yan kuɗi a shekarar fari, amma zai sami abin da talla ba ta saye, watau amincewar jama'a.

Shi ma matafiyi akwai nasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya biya, ya karanta ƙa'idoji daga farko har ƙarshe, ya tambaya a rubuce me za a yi masa in jirgi ya kasa wucewa, ya binciki ko kamfanin na da jirgin musanya. In zai yanki inshora, ya tabbata ta haɗa da canjin hanya, domin ba kowace ce ke biyan wannan ba. Ya kuma sani cewa wanda ya sayi tikitinsa a wajen Tarayyar Turai, madogararsa ita ce dokar ƙasar da ya saya da takardar da ya sa wa hannu.

'Yan'uwa, watakila wani ya ce ina ruwanmu da hutun tsofaffin Turawa? Ruwanmu shi ne, cikinmu akwai waɗanda gobe za su riƙe kamfanoni, su sayar da tikiti, su rubuta yarjejeniya, ko su zauna kujerar shari'a. Ranar da abin da ba mu da iko a kansa ya hana mu cika alkawari, ba za a zarge mu don ruwa ya janye ba. Abin da za a tambaye mu shi ne ko mun faɗi gaskiya tun da wuri, ko kuma mun mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.