Digiri Na Biyu Da Sauya Sana'a: Lissafin Shekarar Farko

A ƙarshen kowace shekara ɗan kasuwa kan rufe littafinsa ya ware riba daga uwar kuɗi. Irin wannan lissafi ya kamaci matasan da suka kammala digiri na biyu a jami'a, suka bar aikin da suka saba suka kama wata sana'a, haka kuma ya kamaci iyaye da iyayen gidan da suka biya kuɗin karatun. Sau da yawa shekarar farko faɗuwa take nunawa, kuma wannan bai isa dalilin yin da-na-sani ba.

Karatu mai zurfi jari ne, saboda haka a ma'aunin jari ya kamata a auna shi. Kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kawai na abin da aka zuba. Akwai albashin da mutum ya haƙura da shi muddin yana karatu, akwai kuma matsayin da ya bari a tsohon wurin aikinsa, domin a sabuwar sana'a daga ƙasa zai faro, sau da yawa a ƙarƙashin waɗanda ya girme. Ga masu zuwa Ingila ko Amurka nauyin ya ƙaru ainun tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, lokacin da Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Jari mai nauyi haka ba ya dawowa cikin wata goma sha biyu.

Tarihin bankunan ƙasar nan ya isa darasi. Bayan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin SAP a 1986, an sassauta ba da lasisi, yawan bankuna ya tashi daga kimanin 40 zuwa kimanin 120 a farkon shekarun 1990. Malaman jami'a da ma'aikatan gwamnati da dama suka ajiye aiki suka kwarara can saboda albashi mai tsoka. Ba a jima ba bankunan suka soma durƙushewa, har aka kafa dokar soja ta hukunta masu karya bankuna a 1994, kuma a watan Janairun 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a lokaci guda. Wanda ya sauya sana'a domin albashi kaɗai ya wayi gari ba tsuntsu ba tarko.

Akwai kuma misali na daban. Malam Sanusi Lamido Sanusi ya koyar da ilimin tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya shiga aikin banki a 1985. A 1991 ya bar banki ya tafi Khartum ta ƙasar Sudan karatun Shari'a, ya komo a 1997 ya kama aiki a bankin UBA, a sashen da ke tantance haɗarin ba da bashi. Da za a yi lissafi a shekarar da ya dawo, sai a ce ya yi asarar shekara shida alhali sa'o'insa sun yi gaba. Amma a watan Yunin 2009 ya zama Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, kuma a watan Agustan shekarar ya tuɓe shugabannin bankuna biyar da munanan basussuka suka yi wa katutu. A zamaninsa ne kuma Babban Bankin ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa a 2011, bankin Jaiz ya soma aiki a 2012. Ilimin aji da na banki da na Shari'a sun haɗu wuri guda bayan shekara goma sha huɗu.

Abin lura a nan shi ne, mai sauya sana'a ba da takardar shaida kaɗai yake shiga sabon wuri ba. Injiniyan da ya koma harkar kuɗi ya fi kowa gane ƙarya a cikin takardun kwangila. Malamin gona da ya koma fatauci ya san hatsin da zai jure ajiya. Wanda ya watsar da tsohon iliminsa don ya sami sabon digiri ya zubar da rabin jarinsa.

Ga 'yan kasuwar da 'ya'yansu suka dawo da digiri na biyu suna son shiga harkar gida, ko a Mile 12 ta Legas ko a Sabon Ibadan, shawara ita ce kada a damƙa musu ragama nan take, kada kuma a rena abin da suka karanto. A ba su shekara guda tare da tsohon hannu, su san abokan ciniki da yadda ake ba da kaya bashi bisa amana, sa'an nan a ba su dama su gyara littattafan lissafi da hulɗa da banki.

Tambayoyi uku suka dace da ƙarshen shekarar farko. Wace gwaninta ya samu wadda kasuwa za ta biya kuɗi dominta? Mutum nawa a sabuwar sana'ar za su iya tsaya masa? Bashin karatun raguwa yake yi ko ƙaruwa? Idan biyu daga cikin amsoshin sun yi kyau, ya daure ya ƙara shekara. Idan babu ko ɗaya, ya sake shawara tun guzurinsa bai ƙare ba.